Kwaɗo a Ƙofar Akurki

Ana ba da labarin wani magidanci a Kunduru, ta ƙasar Kankiya, wanda ba za mu kama sunansa ba, don yana da dangi, kuma danginsa ba su yi mana laifin komai ba. 'Yan unguwarsu sun riga sun laƙaba masa Mai Makulli. Mu ma sai mu bi su a haka.

Ranar da aka kawo masa amarya, cikin kayan da uwarta ta haɗo ta da su har da kaji biyu da zakara ɗaya a kwando. Kajin Hausa ne, irin waɗanda ba su san wani abu wai shi buhun abinci ba. Da safe a watsa musu ɗan tsakin da ya rage a faifai, a zuba musu ruwa a tsohon kasko, an sallame su ke nan. Saura su nema da ƙafarsu. Su bi gindin turmi, su tona juji, su tsinci gara da fara da ɗanyen haki, magariba na kawo kai su dawo gida ba wanda ya kira su. Kaza ta kwanta kan ƙwai kwana 21 ta fito da 'yan tsaki goma, shirwa ta ɗauki rabonta, muzuru ya ɗauki nasa, sanyin damina ya ɗebi wasu, duk da haka uku ko huɗu su yi rai. A haka a haka, kafin ta yaye ɗanta na biyu, matar nan ta tara kaji 15.

Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai san matsayin kaji 15 a hannun mace ba. Su ne kuɗin niƙa, su ne sabulu da gishiri, su ne maganin zazzaɓin yaro da tsakar dare, su ne gudummawar da za ta kai bikin ɗiyar ƙawarta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Baƙo ya sauka ba shiri, a kama ɗan zakara. Shi kansa maigidan, ranakun da aljihu ya bushe, ya sha cin tuwo da miyar da kuɗin ƙwai suka haɗa, ya sha ruwa, ya yi hamdala, bai tambayi inda cefane ya fito ba.

Wata shekara bayan kaka sai ya raka wani abokinsa Kano, suka shiga wani gidan gona. Ya ga kaji jere a keji, ga fanka na kaɗawa, ga ruwa na zuwa ta bututu, ga samari suna ta loda ƙwai a kiret. Sito cike da buhuna yana can baya, ba a kai shi ba. Littafin da ake rubuta kuɗin da ke fita kullum yana ofis, ba a nuna masa ba. Ya dawo Kunduru da magana ɗaya a bakinsa.

"Daga yau kazar gidana ta daina yawo. Ni da girmana, a ce an ga kazata a gidan wane tana tsintar tsaba a gindin turminsu? Ashe zagina ake yi ban sani ba."

Matar ta ce, "Ai da yawon suke ciyar da kansu."

Ya ce, "Ni na kasa ciyar da su ne?"

Ba ta ƙara ba.

Ya sayar da wakensa da gyaɗarsa, ya kira magini. Akurki kam an yi akurki: bulo, rufin kwano, ragar waya a gaba, ƙofar ƙarfe mai koren fenti. Ya ƙaro jajayen kajin gidan gona 10, aka haɗa da na matar, 25 cif, aka tura ciki. Ya danna ƙaton kwaɗo, ya jefa ɗan makullin a aljihun gaban rigarsa. A ƙasan ragar aka bar wata 'yar kafa daidai shigar hannu da ƙaramin kwano, ta nan za a riƙa tura abinci da ruwa, a jawo ƙwai. A makon ne ma ya ce a daina soya awarar da yara ke kaiwa ƙofar makaranta, wai ana raina shi a majalisa. Amma wannan wata magana ce daban. Mu ta kaji muke yi.

Kwanakin farko gidan ya ga baƙi. Ya yi gyaran murya daga zaure, a ce wa matar ta shiga ɗaki, ya shigo da abokai su sha kallo. Wannan ya ce ma sha Allah, wancan ya ce ai kai ka waye. Buhun abincin kaji mai kilo 25 ya saya. Bai yi lissafin cewa kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a yini ba, tana kuma shan ruwa wajen ninki biyu na abin da ta ci. Kaji 25 sun fi ƙarfin tiya guda kullum ke nan. Buhu bai kai kwana 10 ba ya kwanta. Ya sayi na biyu yana ƙunƙuni. Na uku ya zama dusa. Na huɗu ya zama "sai ranar kasuwa." Kafin ranar kasuwar ta zo ya ɗaure jakarsa ya tafi cin rani Abuja, ya bar wa gida tiya 5 ta dawa da alkawarin zai aiko. Makulli ya bi shi a aljihu.

Wanda ya saki kaza ya raba nauyinta da juji da gindin turmi da gidan gara. Ɗan abin da ya watsa mata da safe kyautatawa ce kawai. Wanda ya kulle ta kuwa ya ce ya ji ya gani. Duk abin da ƙafarta za ta samo mata ya dawo wuyansa: tsaba, da ruwa, da ganye, da 'yar tsakuwar da take haɗiya ƙundunta ya niƙa abinci tun da ba ta da haƙori, da sinadarin da take gina ɓawon ƙwai da shi, har da busasshiyar ƙasa ko tokar da take birgima a ciki ta kakkaɓe ƙwarƙwata. Masu gidan gona na gaskiya sun san haka, shi ya sa kajinsu ke ƙiba a kulle. Mai Makulli gini da kwaɗo ya kwaikwayo, ya baro sauran a Kano.

Matar ta yi iya yinta. Dusar surfe, ƙanzon da ta jiƙa, ruwan wankin dawa, duk ta kafar nan suke bi. Da dawar ta fara ja baya sai ta daina surfe, ta koma kai ta niƙa da dusarta don garin ya yi auki. Daga ranar kaji suka rasa ko dusar.

Ƙwai ne ya fara ba da labari. Daga kwano cike ya koma huɗu, ya koma biyu masu ɓawo laushi da ke lotsewa a hannu, sai kuma aka daina ganinsa sam, don duk wadda ta saka, sauran sun rufa a kai sun shanye. Daga nan suka koma kan junansu. Gashin baya da na wutsiya suka fara tsigewa suna haɗiyewa, inda jini ya fito nan kowa zai kai baki. Wata jar kaza da ta fi sauran rauni, da rana tsaka 'yan'uwanta suka ƙarasa ta. Zakaran da unguwa ke tashi da shi sallar asuba muryarsa ta dushe, daga baya ya yi shiru. Kashi ya taru ba mai shara, don tsintsiya ba ta shiga ta kafar. Rana ta dafa rufin kwano, wari mai sa hawaye ya riƙa tsallake katanga.

Unguwa duk ta sani. A gindin bedin da ake zaman majalisa an yi maganar ba sau ɗaya ba. Wani ya ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani ya ce, ni dai ba za a kira ni ɗan sa ido ba. Wani ya ce, kaji ne fa, ba mutane ba. Suka yi dariya, aka koma hirar kuɗin taki. Mata ma sun sani, har sun fi mazan sani, don su ne ke jin kukan kajin ta bayan katanga duk lokacin da aka taɓa turmi a maƙwabta.

Akwai wata dattijuwa a unguwar, ungozoma ce, kowa Gwaggo yake ce mata. Rabin magidantan unguwar ita ta yanke musu cibi, don haka ba gidan da take neman izinin shiga. Ran nan bayan azahar ta shiga da sunan aron rariya. Bayan an gaisa ba ta zauna kan tabarmar da aka shimfiɗa mata ba, ta wuce gaban akurki ta durƙusa. Ta zura hannu ta kafar ta kamo wata wake-wake, kazar ba ta ko yunƙurin gudu ba. Nan Gwaggo ta fara girgiza kai, don kazar Hausa mai lafiya ba ta tsayawa a kama ta da rana. Ta jawo ta jikin raga ta shafa ƙirjinta: ba tsoka ko ta ɗaya gefen, ƙashi ne tsaye kamar bakin wuƙa. Ta taɓa ƙasan wuya inda tsaba ke taruwa, ya kamata a ce da azahar ya cika tam, ta ji shi fayau. Zanko ya koɗe ya kwanta. Ta ɗaga fiffike, ƙwarƙwata suka watse suka hau hannunta. Ƙafafu sun yi ɓawo-ɓawo, farata sun yi tsawo sun lanƙwashe don ba ƙasar tono, kashi ya dunƙule ya bushe a kan yatsu. Kwanon ruwa ya ƙafe, sai gansakuka a gindinsa. Ta miƙa hannu ta ɗauki buta ta tsiyaya musu, suka yi ca a kai, wata kan wata, har da masu faɗuwa.

"Ɗiyata, yaushe rabonsu da tsaba?"

"An kwana biyu, Gwaggo."

"Biyu irin na lissafi, ko biyu irin na Hausa?"

Matar ta yi murmushi ba ta amsa ba. Gwaggo ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta dubi murhu, toka ta yi sanyi, ba alamar an hura wuta tun safe. Ta dubi igiyar shanya. Ta dubi wuyan hannun matar, inda awarwaro ke zamewa har kusa da gwiwar hannu.

"Ke fa?"

"Yara sun ci, Gwaggo."

"Ke na ce."

"Lafiya lau muke. Ya ce zai aiko."

Gwaggo ba ta ja maganar ba. Ta ce, "To buɗe su mana, su fita su nema."

"Makullin na wurinsa."

"A fasa kwaɗon."

Matar ta sunkuyar da kai. "Ya ce in na taɓa, a bakin aurena."

Gwaggo ta fita, ta manta da rariyar. Da yamma ta aiko jikanta da kwanon dusa, a ƙarƙashin dusar kuma da ƙullin garin masara, ta ce a ce na kaji ne duka.

Ba ta yi gaggawa ba, kuma a nan ta fi masu ilimi da yawa. Ta koma da safe, ta koma da yamma, wata rana ta tafi da wata dattijuwar don a zama ido huɗu. Da ta tabbata abin ba na yini ɗaya ba ne, ta fara da inda ya dace, ta sami wan Mai Makulli. Ya ce, "Gwaggo, kin san halinsa. Kowa da gidansa." Daga nan ta ja sandarta sai ƙofar mai unguwa.

Mai unguwa ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi dariya. "Gwaggo, ana fama da ɓarayin shanu, ba a barci da ido biyu, ke kuma kin kawo mini ƙarar kaji? Ko sauya gashi suke yi? Kin san kaza takan zube ta rame in lokacinta ya yi."

Tambayar ba ta banza ba ce, a ba shi wannan. Ba kowace ramammiyar kaza ce aka zalunta ba, kuma mutum ya ɗora wa maƙwabcinsa laifi daga leƙe ɗaya ta kan katanga, ya ɗauki alhaki. Sai dai ya tambayi wadda ta fi shi sanin amsar.

"Ranka shi daɗe, na girmi wannan tambayar. Mai sauya gashi, in ka buɗa jikinta za ka ga sabo na tsirowa, idonta tar, tana ci tana sha. Mai kwanci tana ramewa, amma ita kaɗai, kuma kai hannu ka ga faɗa. Akwai wadda Allah ya halitta da wuya ba gashi, wannan ba ciwo ba ne. Amma kaji ashirin ba sa ramewa tare, su ci ƙwansu, su ci gashinsu, su hau juna a kan ruwan buta, sai da dalili. Na je da safe na je da yamma, kwanon nan ban taɓa samun sa da ɗigon ruwan da ba matar gidan ce ta roƙo ba. Ba ji na yi ba, hannuna na sa."

Mai unguwa ya ce za a duba.

Da ya sani, ƙarar da ya yi wa dariya tana da gurbi har a dokar gwamnati. Dokar Final Kod da aka yi wa Arewa tun 1959 ta tanadi hukunci ga wanda ya azabtar da dabba, ko ya yi sakaci da ita har ta sha wahalar da ba dalili. Ba wanda ke cewa a ja mutum gaban alƙali kan kaza. Kiran waya ɗaya daga mai unguwa ya isa. Amma "za a duba" ta shiga inda takan shiga.

Hunturu ya kankama. Mai Makulli ya leƙo gida kwana biyu don ɗaurin auren wani abokinsa, da sabuwar shadda da sabuwar waya. Ya ƙirga kaji ya ga sun koma 19. Ya ce da matar ba ta iya kiwo ba, dama can sakaci gare ta. Don kada abokai su zo su ga akurki ya yi sarari, ya shiga kasuwa ya dawo da guda 6 da ya samu da araha, yana ta yabon kansa da iya ciniki. Duk mai kiwon kaji ya san arahar hunturu: wanda ciwo ya fara taɓa masa garke shi ke rige-rigen kai saura kasuwa kafin su kwanta. Ya buɗe, ya jefa su ciki, ya mayar da kwaɗo, ya koma Abuja.

Mako bai cika ba aka fara. Koren zawo, numfashi da baki buɗe ana jin kurari, fukafukai a ƙasa. Wasu wuyansu ya murɗe, kai ya juya sama, suna ta zagaye wuri ɗaya. A wayi gari uku sun mutu, a kai yamma biyu sun bi su. Matar ta riƙa jawo gawar ta kafar da ƙugiya, yara su kai juji su yar. Karnuka suka ja, kajin unguwa masu yawo suka tona. Cikin kwana 10 babu gidan da ba a shiga ba. Aka jiƙa barkono, aka jiƙa ɓawon maɗaci, aka nemo gautan kaji, aka fasa kafso ja da rawaya a ruwan sha. Ko gezau. Wata gwauruwa da ke tara kajinta don kayan ɗakin ɗiyarta ta wayi gari da kwando babu ko ɗaya.

Ranar nan ƙofar mai unguwa ta cika. Wanda ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi yana sahun gaba. Wanda ya ce ba za a kira shi ɗan sa ido ba shi ya fi kowa ɗaga murya, har yana ba da tarihin warin tun daga ranar da ya fara. Ashe kowa yana da baki.

Aka aika Kankiya, malamin dabbobi ya zo kan babur, da takalmin roba da safar hannu. Ya zaga gidaje uku, ya tsaya gaban koriyar ƙofa. Ya ce alamu sun fi kama da annobar nan ta hunturu da su ke kira Niyukasil, wadda duniya ta san ta tun 1926 kuma har yau ba ta da magani in ta kama, don ƙwayar bairas ce, kafso ba ya taɓa ta. Amma ya ce ba zai rantse ba sai an gwada, don ita da murar tsuntsaye ido ba ya raba su. Ya tuna musu 2006: a gonar Sambawa da ke Jaji, jihar Kaduna, kaji sun fara zubewa tun cikin Janairu, ba a tabbatar murar tsuntsaye ce ba sai 8 ga Fabrairu, karo na farko da wannan irin nata ya ɓulla a Afirka, kafin nan ta riga ta yi nisa. Gwamnati ta riƙa kashe kaji tana biyan naira 250 kowace ɗaya. A Janairun 2007 cutar ta kashe wata mata 'yar shekara 22 a Legas. Ta sake ɓullowa a Kano da Katsina a 2008, ta dawo a 2015.

"Shi ya sa doka ta ce duk wanda ya ga dabbarsa da alamar annoba ya ware ta, ya sanar da mu. Tun 1988 take, an sabunta ta a 2022. Kaji uku su mutu a gida ɗaya yini ɗaya, ranar za a kira ni, ba sai unguwa ta ƙare ba. Ciwon nan bai san iyakar Kankiya da Kusada ba, a kwando yake tafiya, a bayan babur."

Ya ce gawa a haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. Kada a ci, kada a kai saura kasuwa, kada yara su yi wasa da su. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu ko fiye kafin ta haɗu da na gida. Ya ce akwai rigakafi da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, can jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924. Irin da ake kira I-2 yana jure zafi fiye da sauran, don kajin ƙauye aka yi shi. Ɗigo ɗaya ne a ido, duk bayan wata huɗu, kuma ga mai lafiya ake yi, tun kafin hunturu. Kuɗin yi wa garke guda bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Sai ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka jawo da safen, ya sa aska ya buɗe ta a gaban dattawa. Ba kitse ko ɗis. Hanji fayau, ƙundu ba komai sai gashi.

"Wannan ciwo a hanya ya same ta. Yunwa ta riga shi. Kazar da ta kai haka, ko rigakafin aka ɗiga mata ba lalle jikinta ya karɓa ba."

Mai unguwa ya sa aka kira Mai Makulli, aka buɗe murya kowa na ji. Bayan gaisuwa aka gaya masa abin da ake ciki.

"Ranka shi daɗe, dukiyata ce, da kuɗina na gina. Kuma don amfaninsu na kulle su. Ga shaho, ga ɓarayi, ga zamani ya lalace. Mutunci nake kare musu."

Gwaggo ta matso kusa da wayar. "Ɗan nan, ka gane mai magana?"

"Na gane, Gwaggo. Ina wuni?"

"Lafiya. Shaho nawa yake ɗauka a shekara? Uku, huɗu, kuma 'yan tsaki. Kai nawa ka gama da su a wata uku? Dukiyarka da kake faɗa, goma sha biyar daga gidan uwarta asalinsu ya fito, a kwando, ina tsaye aka sauke. Amanarsu aka ba ka."

"Gwaggo, wallahi gari ne ba daɗi. Aikin ma ba ya samuwa."

Wannan gaskiya ya faɗa. Masara ta yi tsada, cin ranin ma yanzu ba kowa ke dawowa da abin kirki ba, kuma babu mai hankalin da zai zagi mutum don ba shi da shi. Talauci ya hana shi sayen dusa, an yarda. Amma ba talauci ne ya sayi kwaɗo ba, ba shi ne kuma ya ɗinka shadda ba.

Liman, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya. Ya tuna wa jama'a matar nan da labarinta ya zo a Buhari da Muslim, wadda ta shiga wuta saboda kyanwa. Ya ce ku lura, laifi biyu aka haɗa mata: hana abinci, da hana fita neman abinci. Da ta yi ɗaya ta bar ɗaya, da kyanwar ta rayu. Ya kawo na raƙumin da ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye, Manzo ya nemi mai shi ya yi masa faɗa kan barin sa da yunwa da yawan aiki. Bai ce raƙuminsa ne, ba ruwan kowa ba. Liman ya ce a littafin Muhtasar kuwa, a babin ciyarwa, hukuncin a fili yake: ciyar da dabba wajibi ne kan mai ita in ba ta da wurin kiwo, in ya ƙi ko ya kasa, a sayar da ita ko yana so ko ba ya so.

Gwaggo ta karɓe. "Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu ba, amma abin da na fahimta uku ne. Ko ka ciyar. Ko ka buɗe ƙofa a nema, ka daina cewa ana raina ka. Ko ka sallama wa wanda zai iya, tun da sauran ƙarfi a jiki. Amma ka kulle rai, ka sa makulli a aljihu, ka tafi wata uku, ka dawo da sabuwar riga kana cewa ba a iya tattali ba, ka kuma ƙaro wasu a kan waɗanda ka kasa, wannan ban san sunansa ba."

Wurin ya yi tsit. Magidanta da yawa suka sami abin kallo a ƙasa. Wani ya tuna ya bar shago a buɗe. Wani dattijo mai neman tsokana ya ce, "Gwaggo, kaji dai ake magana ko?"

Ta ce, "Kaji mana. Ka ji na ambaci wani abu?"

Mai unguwa ya yanke. Aka kira maƙeri ya fasa kwaɗon a gaban wan Mai Makulli da liman, da sharaɗin ba ruwan matar, umarnin mai unguwa ne. Huɗu aka samu da rai. Malamin dabbobi ya ce kada a sake su tukuna sai annoba ta lafa. Aka share, aka ƙone shara, aka shafe bango da farar ƙasa, aka ɗora wa wan ciyar da su a kan kuɗin ƙanensa. Ƙofa ta koma sakata, a hannun matar. Bayan 'yan makonni aka buɗe musu, biyu daga ciki sai da suka yini a bakin ƙofa kafin su yarda su taka waje. Kajin da suka tsira a unguwar aka bi gida-gida aka ɗiga musu rigakafi, mai unguwa da kansa ya riƙe littafin suna, ya kuma biya na 'yan tsakin da mata suka haɗa wa gwauruwar nan.

Awara ma ta dawo ƙofar makaranta. Wannan maganar a zauren liman aka yi ta bayan isha'i, ba a bainar jama'a ba, don haka mu ma ba za mu shiga ba.

Kai maƙwabci, in zakaran gidan da ke jikin katangarka ya daina cara, ko ka daina jin ƙarar turmi, kada ka jira hunturu. Nemi dattijuwar da ba a hana ta shiga ta je ta sa hannu ta taɓa, ta koma ta sake taɓawa. In ta tabbata, a fara da dangi, a wuce ga mai unguwa da liman. In mutuwa ce ta fara, a kira malamin dabbobi a ranar. Wanda kuma ya karanta ya ji kamar da shi ake, ba sai ya aiko mana da raddi ba. Ya shiga kasuwa, mai dusa da mai gero ba su da nisa da juna.